Kwabo Mai Huji da Dinarin Hijaz: Abin da Ke Yanka wa Tsohon Kuɗi Farashi

 

A watan Afrilun 2011, a ɗakin gwanjon kamfanin Morton & Eden da ke Landan, an sallama dinari ƙwaya ɗaya a kan fam miliyan 3 da dubu 100. Da aka ɗora la'adar masu gwanjo, kashi 20 cikin 100, wanda ya saya ya ƙirga fam miliyan 3 da dubu 720. Nauyin dinarin giram 4 da kwata ne, wato misƙali ɗaya, kuma da maƙerin zinariya aka kai wa ya narka, abin da zai fita bai kai na fam 200 ba a farashin lokacin. Irin wannan labari idan ya biyo ta Facebook ko WhatsApp ya iso Katsina, yakan zubar da kayansa a hanya, ya iso da jimla ɗaya tak: tsohon kuɗi ya yi tsada. Sai kowa ya tuna da gwangwanin da ke cikin adakar kakarsa, a zazzago anini da kwabo da sisi, a shiga cigiyar mai saye. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, a kasuwar tsofaffin sulalla shekaru da ƙarfe su ne mafi ƙarancin abin da ake biya wa kuɗi. Abin da ake biya shi ne sani: a san mene ne wannan, guda nawa ya rage a duniya, ta hannun wa da wa ya biyo. Mu nan muna da sulallan, sanin ne ba mu tanada ba, kuma wannan rashin yana cin mu ta fuska biyu.

Mu fara da dinarin nan. An buga shi a shekara ta 105 bayan Hijira, daidai da 723 ko 724 Miladiyya, zamanin Banu Umayya. Dinaran wannan daula ba su da wuyar samu. Tun da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hotuna daga kuɗi a shekara ta 77 ya maye gurbinsu da rubutu zalla, aka yi ta buga su da yawa, kuma na gama-gari a yau 'yan ɗaruruwan fam ake sayar da su. Abin da ya raba wannan da 'yan'uwansa 'yan kalmomi ne da aka ƙara a jikinsa, masu nuna cewa zinariyarsa ta fito daga ma'adinin Sarkin Musulmi da ke Hijaz. Masana suna ganin shi ne kuɗin Musulunci na farko da ya ambaci wani wuri a ƙasar da ake kira Saudiyya a yau, kuma waɗanda aka sani irinsa ba su wuce goma sha wani abu ba. Mutumin da bai iya karanta rubutun Kufi ba, da za a ajiye masa wannan da na gama-gari a tafin hannu, ba zai ga bambanci ba. A watan Oktoban 2019 kamfanin ya sake sayar da wani irinsa a kan wannan kuɗin dai, abin da ke nuna cewa farashin farko ba zafin kan mutum biyu ba ne a rana ɗaya.

Sulen da ya fi kowane tsada a tarihin gwanjo kuwa ko shekara 100 bai cika ba. Dala 20 ce ta zinariya da Amurka ta buga a 1933, guda 445,500. Kafin a sake su kasuwa Shugaba Roosevelt ya hana jama'a riƙe kuɗin zinariya, aka narkar da su, sai 'yan ƙalilan da suka sulale ta bayan gida. Ɗaya daga ciki ya faɗa hannun Sarki Faruk na Masar, wanda a 1944 ya samu takardar izinin fitar da shi daga Amurka. Bayan an tuɓe Faruk a 1952 sulen ya ɓace, bai sake bayyana ba sai 1996, aka yi ta shari'a, daga ƙarshe aka daidaita cewa wannan ƙwaya ɗaya ita kaɗai ce mutum zai iya mallaka bisa doka. An sayar da ita a 2002 a kan dala miliyan 7.59, har da ƙarin dala 20 da aka biya baitulmalin Amurka don ta zama halastaccen kuɗi. A watan Yunin 2021 kamfanin Sotheby's ya sake gwanjonta a kan kusan dala miliyan 18.9. Akwai wasu guda goma, ƙarfe ɗaya, tambari ɗaya, shekara ɗaya, da gwamnatin Amurka ta karɓe daga hannun wasu magada. Suna kulle, ba wanda zai iya taya su ko da sisi. Bambancin takarda ce.

Idan takarda na iya ɗaga farashi haka, ƙaryarta na iya rushe shi. A watan Oktoban 2020 an sayar a Landan da wani sulen zinariya na Rumawa da Burutus ya sa aka buga a shekara ta 42 kafin Miladiyya, don tunawa da kisan Yuliyas Kaisar: wuƙaƙe biyu da hula a tsakiya. Uku kacal aka sani na zinariya. Ya tashi a kan fam miliyan 3.24. Ba a yi shekara uku ba masu bincike a New York suka gano cewa tarihin mallakar da aka rubuta masa ƙirƙirarre ne, aka ƙwace shi, aka mayar wa ƙasar Girka a watan Maris na 2023. Sulen na gaske ne, ba jabu ba. Salsalarsa ce ƙarya. Malamai da ke zaune a nan ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin sun san hadisi ba ya tsayuwa da daɗin lafazinsa sai an duba isnadi, wane daga wane, har a kai tushe. Haka manyan masu tara sulalla suke bin kayansu, kuma duk inda silsilar ta yanke, farashi ya faɗi.

To, me ke cikin adakokinmu? Ƙasar Hausa ta daɗe tana ciniki da wuri, wanda asalinsa daga tsibiran Maldibis ne a Tekun Indiya. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Katsina zuwa Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake canjin liyari ɗaya, kuma wuri zambar ashirin shi ne keso. Ku dubi wahalar fatake: kuɗin sayen doki sai an ɗora wa jakuna. Shi ya sa babban ciniki ya koma kan liyari, dalar azurfa ta Sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, wadda ta biyo ayarin Tarabulus da Gadamas da Agadas. Har yanzu ana samunta a gidajen Katsina da Daura da Maraɗi, wata an yi mata kunne an rataya a wuya, wata an mayar zobe.

Duk wanda ya riƙe liyari ya juya shi zai ga mace mai ƙiba da mayafin takaba, ga ƙaramin maɓalli kewaye da duwatsu a kafaɗarta, wanda 'yan kasuwar da suke dubawa don su gane ko sulen ya suɗe. A baya ga mikiya mai kai biyu, a gefen baki ga rubutu da aka yi don kada wani ya kankare azurfar. Nauyinsa giram 28, azurfarsa kashi 83 cikin 100 da ɗoriya. Sannan ga shekara: 1780. Nan ne mutane ke faɗawa rami, su lissafa su ce abin nan ya haura shekara 240. Gaskiyar ita ce sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake Larabawa da Habashawa da mutanen Sudan ba sa karɓar wani sule sai mai wannan kamanni, aka ci gaba da buga shi ba a taɓa shekarar ba. An buga a Biyana, an buga a Rum, da Landan, da Faris, da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya tana buga shi har gobe. Liyarin da ke hannun mutum zai iya zama na zamanin sarakunan Katsina Dallazawa, zai iya zama na lokacin yaƙin Italiya da Habasha a 1935. Mafi yawansu farashinsu kuɗin azurfarsu ne da ɗan ƙari. Na farko-farkon suna da daraja, amma ana gane su ne ta ƙananan alamomi a gashin mikiya da haruffan baki, aikin da sai wanda ya ƙware.

Haka labarin yake ga kuɗin Turawa. A 1907 aka fara buga wa Najeriya kwabo da anini masu huji a tsakiya, domin a zura su a zare, da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya, da rubutun Larabci a ɗayan. Aninin 1907 da sanholo aka yi shi, kuma masana na lissafa shi a matsayin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Da aka ga yanayinmu yana cin sa, a 1908 aka sauya ƙarfe. Bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912 sai ga taro da sisi da sule da fataka na azurfa, masu hoton bishiyar kwakwa a kan manyan, har zuwa 1920 da aka koma farin ƙarfe mai ruwan tagulla. Akwai ma abin sha'awa a 1936. Sarki Edward na VIII ya sauka daga gadon Ingila a watan Disamban shekarar kafin a saki kuɗi mai hotonsa, shi ya sa sulen zinariya na gwaji mai fuskarsa ya kai fam miliyan 1 a 2020. Amma namu masu huji ba su da wurin sa hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka an buga miliyoyin kwabo da ɗari da anini da sunansa aka kashe su a kasuwanninmu. Sarki ɗaya, zamani ɗaya: wancan fam miliyan, wannan 'yan fam kaɗan. Akwai shekarun da ba a buga da yawa ba, kuma ɗan harafin H ko KN da ke nuna ma'aikatar da ta buga a Birmingham yakan sauya farashi, amma wannan ma sai da kundin da ke lissafa su.

Ga cutarwa ta fuska biyu da na ambata. Ta farko, mai kaya yana rasa ɗan abin da yake da shi. Yakan ɗauki toka da lemun tsami ko soson ƙarfe ya goge sulen ya yi fes, alhali masu saye suna auna lafiyar sule a kan ma'auni daga 1 zuwa 70, kuma gogaggen sule a wurinsu lalatacce ne. Dattin shekarun nan da ake ƙyama shi ne shaidarsa. Ko ya kai wa maƙerin farfaru a narka, ko yara su haɗa da ƙarafa su miƙa wa ɗan jari-bola a kan sikeli. Ta biyu ta fi muni: ana sayar masa da mafarki. Wani zai bugo waya ya ce akwai Bature da ke neman kwabo mai huji a kan miliyoyi, amma sai an biya kuɗin gwaji ko na rajista. Wani ya ce akwai sinadari a cikin tsohon sule, irin tatsuniyar da ake yi a kan tsohon keken ɗinki da dutsen guga. Babu kamfanin gwanjo na ƙwarai da ke bin mutane a waya yana neman kafin alƙalami. La'adarsa yake cira bayan an sayar. Garin neman gira ake rasa ido.

Na san wani zai ce: Malam, ka gama nuna mana cewa abin da ke hannunmu ba shi da tsada, to don me za mu ɓata lokaci a kansa, ga yunwa ga rashin tsaro? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi alkawarin cewa anini zai ciyar da gida ba. Amsata ita ce kasuwa ba ita kaɗai ke yanka daraja ba. Ku dubi Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani. An fara tona kushewun nan a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tonawa a 1992, aka kai kayan Mainz ta Jamus aka gyara su. An samu 'yan kunnen zinariya da tasoshin tagulla na ƙasashen gabas da duwatsun ado da wuri, a kaburburan da suka kama daga wajen ƙarni na 14 zuwa na 16. Wuri ba a bakin komai yake ba a gwanjo. Amma wurin da aka samu a wannan kabari, a wannan zurfi, kusa da wannan kaya, ya nuna cewa kayan Tekun Indiya sun iso ƙasar Katsina ƙarnuka kafin lokacin da Tarihin Kano ya ambata, ko da a matsayin ado ne. Da ɓarawon kabari ne ya kwaso shi ya zuba a buhu, da wannan sani ya tafi har abada. Liyarin da aka san na sadakin wance ne a unguwa kaza, zamanin sarki wane, shaida ce a kan fataucin garin nan. Wanda ba a san komai a kansa ba giram 28 ne kawai.

Wani kuma zai ce waɗannan kuɗin baƙi ne, na Ostiriya da Ingila, har da na masu mulkin mallaka, ina ruwan tarihinmu da su? Wannan ƙorafi ba ya tsayuwa. Da wannan kwabon aka tilasta wa kakanninmu biyan haraji da jangali bayan an hana shigo da wuri da liyari, kuma neman sa ne ya tura talakawa noman gyaɗa da auduga da ƙwadagon kuza a Jos. Rubutun Larabcin da ke jikinsa ma shaida ce cewa Turawa sun tarar da mutane masu karatu, dole suka yi musu magana da harafin da suka sani. Ta ɗaya ɓangaren kuma, zinariyar Afirka ta Yamma ce Murabiɗai suka riƙa buga dinari da ita a Sijilmasa, kuma a Tadmakka ta ƙasar Mali an tono a 2005 tukwanen zuba dinari marar tambari, irin wanda marubuci Albakri ya ba da labarinsa a ƙarni na 11. Dinari bai taɓa barin rayuwarmu ba: har yau da rubu'insa ake auna mafi ƙarancin sadaki, da ashirin ɗinsa ake auna nisabin zakka.

Sai ƙorafin shari'a, wanda ya fi dacewa da wannan gari. Gwanjo kansa, wato sayar wa wanda ya fi tayi, malamai sun halatta shi. Abin da aka hana shi ne najashi, mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba don ya ruɗi wani. Batun hoto ma da sauƙi, domin a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa ake ciniki, masu hotunan sarakunansu. Inda ake buƙatar taka-tsantsan shi ne musayar zinariya da zinariya ko azurfa da azurfa, wadda sai awo ya zo daidai kuma hannu da hannu. Wanda zai ba da liyari biyu don ya karɓi ɗaya mai wuyar samu ya shiga riba, komai kyawun niyyarsa. Idan da naira zai saya, sharaɗin daidaito ya faɗi, na hannu da hannu ya rage. Kuma zinariya da azurfar da aka ajiye, idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, sunan sha'awa ba ya kore musu zakka. Dalla-dallar wannan na malaman fiƙihu ne, kuma ya kamata su yi zama a kansa.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne cewa yayata farashi na iya tura matasa tonon kufai da kushewa. Ya faru da gumakan Nok, an yi musu wasoso. Amma shiru bai taɓa kare kufai ba, tunda labarin miliyoyin ya riga ya shiga kowace waya. Abin da bai shiga ba shi ne sauran labarin: cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su ba takarda, cewa Najeriya na cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970, kuma cewa kayan da aka tono a ɓoye, kamar yadda sulen Burutus ya nuna, ana iya ƙwace su ko bayan an biya miliyoyi.

Saboda haka roƙona ga gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha, da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ne su haɗu su buɗe rajista, su sa rana a wata da kowa zai kawo abin da ke gidansa a auna, a ɗauki hoton gaba da baya, a rubuta daga wa aka gada, a mayar masa da kayansa. Sikeli ɗaya, madubin ƙara girma ɗaya, kundi ɗaya da ɗalibai biyu sun isa a fara. Ku kuma da ke zaune a nan, idan kun koma gida kada ku wanke sulen, kada ku narka, kada ku biya kowa kuɗin gwaji. Ku naɗe kowane ɗaya a takarda daban, ku zauna da tsohuwar da ta ajiye shi tun tana da ranta, ku tambaye ta inda ta samo, ku rubuta.